Karen da ba shi da mai shi: abin da wata karya ta koya mini a Matamaye

Aikina na kullum shanu ne da tumaki da awaki. Ina bin rugage a gundumar Kance, jahar Damagaram, da akwatin sanyi na allurar rigakafi ɗaure a bayan babur. Kare bai cika shiga lissafina ba, sai ranar da wani mahauci ya kira ni da hantsi, tsakiyar bazara, ya ce in hanzarta zuwa bayan kwatar Matamaye, karya ta ciji yaro, samari sun kewaye ta da duwatsu.

Na tarar da ita a wani rami gindin katanga. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, ƙazuwa ta cinye gashin bayanta, ga ƴan kwikwiyo uku a ƙarƙashinta. Kowa na cewa mahaukaciya ce. Da na bi ba'asi, ashe yaron hannu ya kai zai ɗauki ɗanta.

Da yaron muka fara. Mahaifiyarsa ta so a shafa toka a ɗaure. Na ce, "Inna, a bar toka, a kawo sabulu da ruwa mai yawa." Minti 15 cur muka yi muna wanke wurin, domin wankin nan yana rage ƙwayar cutar sosai. Daga nan kawunsa ya kai shi asibiti a fara masa allurai a ranar. Wannan ba abin jira ba ne. Ciwon haukan kare idan alamominsa suka bayyana, kusan babu mai tashi.

Sai na koma kan samarin, na roƙe su kwana 10. Karen da ke ɗauke da cutar a yawunsa lokacin da ya yi cizo, cikin waɗannan kwanaki ciwon zai bayyana gare shi, ya mutu. In ta wuce su tana ci tana sha, an san ba ta sa wa yaron cutar ba. In kuwa aka kashe ta aka jefar a bola, ba abin da za mu sani, sai dai a ɗauki kanta cikin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji na LABOCEL a Yamai. Wannan tsarewa ta karen da bai nuna alamar ciwon ba ce. Wanda ke dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya tarar, ko muƙamuƙinsa ya saki, kada kowa ya kusance shi, a kira ma'aikatan dabbobi.

A nan ba mu saba da gidan ajiye karnuka irin na Turai ba. Wani tsohon akurkin awaki na gyara a bayan wurin aikinmu, na sa ta da ƴaƴanta. Mahauta suka ce wani garke ne ya wuce ta burtali ya bar ta tana da ciki. Ɗaya daga cikin ƴaƴan ya mutu a kwana na uku, rama ta riga ta ci ƙarfinsa. Uwar kuwa ta kama cin tuwo da madara. Ranar da kwana 10 suka cika, da kaina na je gidan su yaron na kai labari. Mahaifiyar ta daɗe tana hamdala.

Daga nan jinya ta fara: allurar ivamektin saboda ƙazuwa, cire kaska, maganin tsutsar ciki, sannan rigakafin haukan kare, ita da ƴaƴanta biyu. Mako shida suka yi wurina. Na tsawaita ne da gangan, domin cutar kan yi watanni a ɓoye a jikin kare, kwana 10 ɗin can batun yaron kawai suka warware.

Wani zai ce me ya haɗa malamin dabbobi da karyar bola? Amsar tana cikin garke. Haukan kare yana kashe saniya da tunkiya da jaki. Saniyar da ta kamu takan yi ta kuka tana zubar da yawu, makiyayi ya ɗauka wani abu ne ya maƙale mata, ya tura hannu cikin bakinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga kare ake ɗauka. Ita da FAO da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da ake so a daina mutuwa ta wannan hanya.

Zuba guba da kashe karnuka bai taɓa kawar da cutar ba. Muddin ga saura a kwata da bola, wasu za su zo su maye gurbin, ba a san daga ina ba, ba a yi musu allura ba. Abin da ke aiki shi ne rigakafi ga aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri. Maƙwabtanmu sun gwada: a Njamena ta ƙasar Chadi an kai wannan adadi a 2012 da 2013, cutar ta yi ƙasa ƙwarai a birnin. Amma allura sai da mai riƙe kare. Wanda ba shi da mai shi, wa zai kawo shi?

Shi ya sa na shiga nema mata gida. Akwai wani dattijo Bafulatani da ke zaune cikin gawo a hanyar Kance, wanda dila ta ɗauke wa ƴan tumaki biyu. Da na yi masa tayi, sai ya girgiza kai. "Likita, karen da ya saba da kwata ba ya zaman ruga." Na ce, "Baba, a gwada. In ta ƙi, ni zan zo in ɗauke ta." Wani ɗansa ya kawo zancen ƙazanta, dattijon da kansa ya tuna masa cewa addini ya yarda a ajiye kare don kiwo da gona da farauta.

Sharuɗɗa uku na gindaya. Na farko, allurar rigakafi kowace shekara. Na biyu, maganin tsutsa a kai a kai. Na uku, kada a jefa mata ɗanyen kan tunkiya, ko huhu da hanta masu ƙullutun ruwa, a dafa ko a binne. Ta nan kare ke ɗaukar tsila, ya zubar da ƙwanta a ciyawa, tunkiya ta ci, ƙullutu ya fito mata a ƙwaƙwalwa, ka ga tana kewaya wuri ɗaya har ta faɗi. Dattijon ya ce ya san wannan ciwo sarai, amma bai taɓa jin daga kare yake ba.

Maganarsa ta so ta tabbata. Kwana huɗu da kai ta, na fito da safe na same ta kwance a ƙofar akurki. Laifina ne, na raba ta da ƴaƴanta. Na mayar da ita tare da ɗaya, aka ɗaure ta mako guda kusa da turken tumaki, yaro ɗaya ne ke ba ta abinci. Ɗayan kwikwiyon wani mai lambun rake ya karɓa, a kan sharuɗɗan nan.

Bayan kaka na koma rugar yi wa tumaki allura. Tun daga nesa ta taso mini da haushi, gashinta ya fito, ja mai sheƙi. Yara sun sa mata suna Tsintuwa. Dattijon ya zaro katin rigakafinta daga jakar da yake ajiye takardun shanu, ya ce, "Likita, duba mini, lokaci ya yi?"

Yanzu duk rugar da na shiga nakan tambayi yawan karnuka kamar yadda nake tambayar shanu. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, amma kada makiyayi ya jira ta. Mai kare ya nemi ma'aikacin dabbobi mafi kusa. Mai shirin tashi da garke kuma, in ba zai tafi da karensa ba, ya damƙa shi hannun wani kafin ya kama hanya.