Kuɗin Bagega da masu bin sawunsa

A farkon shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da wani abin tsoro a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara: sababbin kaburburan yara sun yi yawa. Da aka bincika, sai aka gano gubar dalma ce. Magidanta na haƙo duwatsun zinare su kawo gida, a daka a turmi ko a kai inji, ƙurar kuma ta baje a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. An bi ƙauyuka bakwai an kwashe gurɓatacciyar ƙasa an zuba sabuwa, amma Bagega, wadda ta fi su girma, aka bar ta a baya. Likitoci kuwa suka ce aikin banza ne a ba yaro magani ya koma ya kwanta a kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Sai an yi shara tukuna.

A watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 don wannan aiki. Damina ta sauka ta ɗauke, aka yi kaka, hunturu ya shigo, shiru kake ji. Ana cikin haka wasu matasa biyu, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka fara wani yunƙuri da suka kira Follow The Money, wato bin sawun kuɗi. Ba su tsaya zagin gwamnati ba. Tambaya ɗaya suka riƙe: kuɗin nan, yau yana hannun wa? Suka je Bagega da ƙafarsu, suka ɗauko hotuna da muryoyin iyaye, suka cika Twitter da Facebook, ƙungiyoyi irin su Human Rights Watch suka sa baki. A ƙarshen Janairun 2013 aka saki kuɗin, a shekarar aka share garin, likitoci suka fara ba yara magani.

Na kawo wannan labari ne saboda ya nuna wurin da cutar take. Tsakanin ranar da aka sanar da kuɗi a rediyo da ranar da ya kamata ya zama rijiya ko aji ko magani, akwai doguwar hanya mai duhu: ma'aikata, ofishin akanta, kwamitin ba da kwangila, ɗan kwangila, sai wanda ɗan kwangilar ya sayar wa aikin. A wannan duhun ne kuɗi ke kwana, ya rame, wani lokaci ya ɓace ɗungurungum. Galibin abin da muke kira cin hanci da rashawa a nan yake faruwa, a kan takarda, da sa hannu da hatimi.

To, me ya sa masu riƙe da takardun ke ci? Amsar da ta fi sauƙi ita ce rashin tsoron Allah, kuma ba ƙarya ba ce. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Dubi tsadar kujerar kanta. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, ta gwamna miliyan 50. PDP ta sa tata ta shugaban ƙasa miliyan 40. Wannan kuɗin shiga ƙofa ne kawai. Ba a zo kan daliget ba, ba a zo kan 'yan jagaliya da motocin kamfen ba, balle taliya da atamfa da sabulun ranar zaɓe. Mai neman kujera da wuya ya iya wannan da aljihunsa, dole ya nemi uban gida. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski. Ranar da aka rantsar da shi, da bashi ya shiga ofis, kuma da kwangila ake biyan irin wannan bashi.

Akwai kuma namu laifin, wanda ba mu cika son a taɓo ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ranar da aka naɗa ɗan unguwa kwamishina, kalmar da ke fita daga bakinmu ita ce "ya samu", ko ma "mun samu". Washegari zaurensa ya cika: wannan kuɗin asibiti, wancan kayan ɗakin 'yarsa, wani kujerar Makka. Babu mai tambayar nawa ne albashinsa. In ya gama wa'adi ya dawo gidansa na da, da tsohuwar motarsa, ba za a ce mai amana ba ne. Za a ce wawa ne, ko a ce ba ya taimakon nasa. Abin ma ba yau ya fara ba. A cikin Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa karɓar gaisuwa da toshiyar baki a wurin shari'a cikin miyagun al'adun masu mulkin zamaninsa. Sunan ne kawai ke sauyawa: gaisuwa, na goro, kashi goma, "a ga yara". Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuffuka ya ƙiyasta cewa a 2023 kaɗai 'yan Nijeriya sun miƙa wa ma'aikatan gwamnati tsabar kuɗi kimanin naira biliyan 721 a matsayin cin hanci. Daga aljihunmu suka fito, da hannunmu muka miƙa, wasu bisa tilas, wasu don a tsallakar da su layi.

Hukunci kuma ba ya tsorata kowa yadda ya kamata. Hukumomin yaƙi da cin hanci na nan: an kafa ICPC a 2000, EFCC ta fara aiki a 2003, kuma sun yi kamun da ya girgiza ƙasa. Amma a duba tsofaffin gwamnonin Filato da Taraba, Joshua Dariye da Jolly Nyame. An kwashe fiye da shekara goma ana shari'arsu kafin a ɗaure su a 2018, sai ga shi a Afrilun 2022 an yi musu afuwa. Ƙaramin akanta da ke kallon wannan daga teburinsa ya riga ya ɗauki darasi.

Saboda haka nake ganin jiran hukumomi kaɗai ba zai fisshe mu ba, kuma a nan ne aikin matasan da suka bi sawun kuɗin Bagega ke da daraja. Ba su ce za su gyara Nijeriya ba. Kuɗi ɗaya suka zaɓa, mai adadi, mai suna, mai gari, suka bi shi har ya sauka. Wannan abu ne da ƙungiyar matasan unguwa ko kwamitin masallaci ko kwamitin iyayen yara na makarantar firamare za su iya.

Kayan aikin ma suna nan. Tun ranar 28 ga Mayun 2011 aka sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi takarda, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma ta wajabta a amsa masa cikin kwana bakwai. Gaskiya ne sau da yawa ana jefa wasiƙar a aljihun tebur, amma kwafin da aka buga wa hatimin karɓa hujja ce a gaban alƙali da gaban ɗan jarida. Kowace shekara kasafin tarayya na ware kuɗi don ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, kuma kowane aiki na rubuce da sunan gari da adadin kuɗi. Ƙungiyar BudgIT, ta hanyar shirinta na Tracka, tana fitar da jerin nan tana bin garuruwa da shi, ICPC ma ta fara bibiyar ayyukan tun 2019. Abin da ake yawan tararwa sananne ne: rijiyar burtsatse da ke kan takarda kaɗai, ko asibitin da aka yi wa fenti babu gado a ciki, ko kekunan ɗinki da aka saya da kuɗin jama'a aka raba kamar kyautar mai girma ɗan majalisa, har da waƙa da guɗa.

Wurin da ya fi cancantar a sa ido yanzu shi ne ƙaramar hukuma. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi 774 na bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnoni, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ko an aiwatar ko ana jan ƙafa, abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma a kowane wata ana wallafa shi. Da a ce wani zai riƙa karanta adadin a filin rediyo, ko a majalisar shayi ta bakin kasuwa, da ciyaman ba zai sake cewa "ba kuɗi" cikin sauƙi ba. Mai tambaya dai ya san akwai haɗari. Tsarin ba masu tona asiri ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari da aka fito da shi a Disamban 2016 ya taimaka an gano maƙudan kuɗi, amma masu fallasa da dama sun rasa aikinsu ko sun sha barazana. Shi ya sa ya fi kyau a yi tambaya a ƙungiyance, a rubuce, da takarda a hannu, ba da jita-jita ba.

A 2015 gubar dalma ta sake ɓulla, wannan karon a Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara aƙalla 28 suka rasu. Nan ma aka yi alkawari, nan ma kuɗin ya maƙale a hanya. Sai da masu bin sawun suka sake ɗaura ɗamara, suka koma kan wasiƙu da hotuna da tambayar nan tasu, kafin a fara share garin a 2016.