Fara Amfani da Ƙaramar Na'urar Sauti da Hotuna ta Dijital: Jagora ga Manazarcin Adabin Baka

Tsakure

Maƙalar ta yi bayani a kan ƙaramar na'urar dijital da ake loda wa sauti da hotuna a jefa aljihu, da matakan da ya kamata manazarci ya bi a ranar da ya fara amfani da ita. An waiwayi asalin na'urar, sannan aka dubi nau'o'in fayil, da lissafin wurin ajiya, da sanya wa waƙoƙi bayanai, da kula da batir da kunne. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, na'urar abokiyar sauraro ce, amma ba ta kai matsayin taskar adana kayan tarihi ba, kuma yawancin asarar da ake tafkawa daga haɗa waɗannan matsayi biyu take tasowa.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi nazarin waƙar baka ya san cewa rabin aikin sauraro ne. Ɗa ɗaya na waƙar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo kan sa mutum ya koma baya sau goma kafin ya tabbatar da kalma guda, musamman inda 'yan amshi suka hau kan muryar jagora. A zamanin kaset, wannan komawa baya tana cinye zare, har wata rana rikoda ta tauna shi. Fayil ɗin dijital ba ya gajiya da maimaici, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa ƙaramar na'urar sauti ta samu gindin zama a wurin ɗalibai da malamai. Sai dai sauƙin da ta zo da shi yana tafe da tarko. Mutum kan juye kaset, ya ga waƙa ta hau na'ura, sai ya sallama kaset ɗin ga ƙura da zafi, alhali abin da ya rage a hannunsa kwafi ne da aka rage wa nauyi, a cikin na'urar da ke iya faɗuwa a mota ko ta mutu dare ɗaya.

2.0 Waiwaye a Kan Asalin Na'urar

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, Sony kuma ya fito da Walkman a 1979, wanda ya ba mutum damar tafiya da waƙarsa a kunne. Sauyin da ya haifar da na'urar da ake magana a kai ya zo ne da tsarin matse sauti na MP3, wanda masu bincike a cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, suka taka rawa babba wajen samarwa, aka kuma wallafa ƙa'idarsa a 1993. A 1998 na'urorin farko suka shiga kasuwa: MPMan daga Koriya ta Kudu, da Rio PMP300 a Amurka, wadda wurin ajiyarta megabait 32 ne kacal, wato kimanin rabin awa na waƙa.

A watan Oktoba na 2001 kamfanin Apple ya gabatar da iPod mai gigabait 5, wanda aka tallata da cewa yana ɗaukar waƙa 1,000. Bayan shekara uku, a Oktoban 2004, aka fito da iPod Photo mai gigabait 40 da mai 60, da allo mai launi, don haka sauti da hoto suka haɗu a na'ura guda. A watan Mayu na 2022 Apple ya sanar da daina ƙera iPod, domin wayar hannu ta haɗiye aikinsa. Duk da haka, wasu kamfanoni irin su Sony da FiiO suna ci gaba da ƙera na'urorin sauraro. A ƙasar Hausa kuwa, abin da ya fi yaɗuwa shi ne ƙaramar rediyo mai cin katin memori, da waya, da shagunan masu tura waƙoƙi a kasuwanni da tashoshin mota. Ƙa'idojin da ke tafe sun shafi dukkan waɗannan.

3.0 Abin da za a Duba Kafin a Saya

Abu huɗu ne suka fi shafar manazarci. Na farko, na'urar ta zama tana karɓar katin memori, domin idan ta lalace a zare katin a tsira da abin da ke ciki. Na biyu, ta zama tana karanta fayilolin WAV da FLAC, ba MP3 kaɗai ba. Na uku, ta kasance tana da maɓallin maimaita yanki, wanda ake rubuta wa A-B: ana danna shi a farkon ɗan waƙa, a sake dannawa a ƙarshensa, na'ura ta yi ta juya wannan yankin har mai rubutu ya gama. Idan tana iya rage gudun sauti ba tare da ta sauya kaifin murya ba, wannan ƙarin alheri ne ga mai nazarin karin sauti, tunda a Hausa tashin murya da faɗuwarta suna bambanta ma'ana. Na huɗu, a gwada ko tana nuna haruffa masu lanƙwasa. Hanyar gwajin mai sauƙi ce: a sanya wa fayil suna mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, a loda, a duba allo. Na'urori masu araha da dama kan nuna akwati ko alamar tambaya a gurbinsu.

4.0 Nau'in Fayil da Lissafin Wurin Ajiya

Sautin faifan CD ana auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, da zurfin bit 16, a hanyoyi biyu na hagu da dama. Idan aka ajiye shi a fayil ɗin WAV ba tare da matsewa ba, minti ɗaya yana cin kusan megabait 10, awa guda kuma kimanin megabait 635. MP3 mai gudun kilobit 128 a daƙiƙa yana mayar da wannan awar kimanin megabait 58. Ke nan katin gigabait 32 zai ɗauki kusan awa 50 na WAV, ko sama da awa 500 na MP3.

Wannan rangwame yana da farashi. MP3 yana samun ƙanƙantarsa ne ta hanyar zubar da sassan sautin da aka yi lissafin kunne ba zai lura da su ba, kamar siririn sautin da wani mai ƙarfi ya danne. Abin da aka zubar ya tafi ke nan. Mayar da MP3 zuwa WAV ba ya dawo da shi, sai dai ya kumbura fayil a banza. Haka kuma, duk lokacin da aka gyara MP3 aka sake adana shi a matsayin MP3, ana ƙara zubar da wani abu. Ga mai jin daɗin waƙa wannan ba wata damuwa ba ce. Ga mai son rarrabe muryar ɗan amshi da zugar kotso a tsohon kaset da dama can ya dushe, kowane ɗigo na sauti yana da daraja. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya yi bayanin yadda kwafi a kan kwafi ya sa dusashewar sauti da hoto ta zama abin da masu sauraro da kallo a Kano suka saba da shi. Bai kamata manazarci ya ƙara wa wannan dusashewa wani hawa da hannunsa ba.

FLAC yana tsakiya: yana rage nauyin fayil zuwa wajen rabi, amma ba ya zubar da komai. Ƙungiyar IASA, wadda ta haɗa taskokin adana sauti da bidiyo na duniya, tana ba da shawarar a juye tsofaffin kasa-kasai zuwa WAV mai zurfin bit 24, da awo aƙalla sau 48,000 a daƙiƙa, har ma ta fi son 96,000. A wannan mataki na sama, awa guda tana cin wajen gigabait 2. Saboda haka tsarin da ya dace shi ne fayil iri biyu ga kowace waƙa: uwar fayil, mai nauyi, wadda ake ajiyewa ba a taɓawa, da 'yar fayil, mai sauƙi, wadda ake loda wa na'ura. Manhajar Audacity, wadda kyauta ce, tana iya juye kaset da fitar da duka biyun.

5.0 Haɗawa da Kwamfuta da Lodi

A ranar farko a cika batir, a saita harshe da kwanan wata, sannan a haɗa na'urar da kwamfuta ta kebul ɗin USB. Na'urori sun kasu gida biyu a nan. Akwai waɗanda ke bayyana a kwamfuta tamkar filasha, sai a jawo fayil a saka. Akwai kuma waɗanda sai da manhaja, kamar iPod da iTunes, inda na'ura ke zama madubin ɗakin waƙoƙin kwamfuta guda. Haɗarin wannan tsari shi ne, idan aka haɗa ta da wata kwamfutar aka amince a daidaita su, abin da ke cikin na'urar zai goge, na sabuwar kwamfutar ya maye gurbinsa. Wanda ya karɓi tsohon iPod mai ɗauke da tarin waƙoƙin wani malami, kada ya amsa wannan tambaya da "to" sai ya kwashe abin da ke ciki.

Katin da bai wuce gigabait 32 ba yawanci yana zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya haura gigabait 4. Manyan katuna suna zuwa da exFAT, wanda tsofaffin na'urori ba sa karantawa. Kafin a zare kebul, a umarci kwamfuta ta saki na'urar, domin zarewa a tsakiyar rubutu na iya lalata jadawalin fayiloli baki ɗaya. Sabon kati kuma a cika shi da fayiloli a gwada buɗe na ƙarshe, saboda akwai jabun katuna da ke nuna girman da ba su da shi.

6.0 Suna da Bayanan Waƙa

Na'ura ba ta san Mamman Shata ba, ba ta san Barmani Choge ba. Abin da take jerawa a allo tana karanto shi ne daga ɗan bayanin da ke maƙale a jikin fayil, wanda a MP3 ake kira ID3. Tsohon tsarinsa na 1996 yana ba sunan waƙa gurbin harafi 30 kawai, kuma bai tanadi haruffa masu lanƙwasa ba. Tsarin da ya biyo baya, ID3v2, ya ɗage wannan iyaka, yana kuma karɓar Unicode, don haka shi ya kamata a zaɓa.

Guraben da aka tanada an yi su ne don waƙar kasuwa: mawaƙi, kundi, shekara, nau'i. Manazarci yana iya karkatar da su zuwa buƙatarsa. A gurbin kundi a sa lambar kaset ɗin asali. A gurbin nau'i a sa rabon da masana suka saba, kamar makaɗan fada, makaɗan jama'a, makaɗan sana'a ko makaɗan maza. A gurbin sharhi a rubuta inda aka samo waƙar, da wanda ya naɗa, da wurin, da ranar. Wannan yana da muhimmanci domin makaɗin baka ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Rerawar gidan rediyo daban, ta gaban sarki daban, kuma ƙarin ɗa guda na iya sauya sakamakon nazari. Fayil mai suna "Track 07" wanda ba a san daga ina ya fito ba, ba ya zama hujja a kundin digiri. A sunan fayil kansa, ya fi aminci a tsaya a kan haruffa marasa lanƙwasa da lamba, a bar cikakken rubutu ga bayanan ciki.

7.0 Hotuna

Allon iPod Photo ɗigo 220 ne a kwance da 176 a tsaye, kuma iTunes yakan ƙanƙanta hotuna kafin ya tura su. Cikakken hoto ba ya hawa sai an zaɓi hakan. Darasin yana nan har gobe. Hoton shafin ajami da ke kan ƙaramin allo ya isa a nuna wa dattijo a tambaye shi ko ya gane hannun marubucin, amma bai isa a bambance ɗigon imala da tabon tawada ba. JPEG, kamar MP3, yana zubar da wani abu a duk sabon adanawa, don haka uwar hoto ta zauna a TIFF ko a yadda kyamara ta fitar da ita. A daidaita agogon kyamara, domin ranar ɗauka tana shiga bayanan hoto. Hotunan bangon kaset ma abin adanawa ne, tunda sau da yawa a nan kaɗai sunan kamfani da jerin waƙoƙi suke.

8.0 Batir, Kunne da Haƙƙi

Batir ɗin litiyam ba ya shiri da zafi. Apple, alal misali, ya ƙayyade amfani da na'urorinsa tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, alhali zafin bazara a Sakkwato ko Maiduguri yana haura 40. Kada a bar na'ura cikin rufaffiyar mota, idan kuma za a daɗe ba a taɓa ta ba a ajiye ta da rabin caji. Game da kunne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa babba yana iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako, amma lokacin yana raguwa sosai da zarar ƙarar ta ƙaru. Mai rubuta waƙa daga kaset mai shuu yakan ƙure murya ba tare da ya ankara ba. Abin sauraro mai rufe kunne da hutu bayan kowace awa sun fi ƙure murya amfani. Sannan sauƙin turawa bai halatta turawa ba: waƙa tana da masu ita da magadansu, hirar da aka naɗa kuma amana ce da aka bayar bisa sharaɗi.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa fara amfani da ƙaramar na'urar sauti da hotuna yana farawa ne tun kafin a loda waƙar farko. Uwar fayil ta kasance a wuri uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gini daban, kamar ɗakin karatu na sashe. Kaset ɗin asali a ci gaba da adana shi a inuwa, nesa da ƙura da maganaɗisu, domin wata rana za a iya samun hanyar juyewa da ta fi ta yau. Kowane fayil ya tafi da tarihinsa a jikinsa. Idan aka kiyaye waɗannan, ɓatan na'ura asarar kuɗi ce kawai da ake iya mayarwa. Ya rage ga sassan Hausa na jami'o'i su amince da tsari guda na sanya suna da bayanai, ta yadda waƙar da ɗalibi ya juye a Katsina za ta amfani mai nazari a Zariya ko Damagaram ba tare da an sake tambayar asalinta ba.