Shirin Hira a Zamanin Korona: Abin da Birni Ya Gyara, da Abin da Ƙauye Ya Rasa

Duk shirin hira na talabijin, ko na safe ne irin Gari Ya Waye na tashar Arewa24, ko na siyasa ne a ARTV da NTA Kano, a kan abu guda aka gina shi: a tara mutane a ɗaki ɗaya a rufe ƙofa. Mai kallo fuska biyu ko uku kawai yake gani, amma bayan fitilun nan akwai masu kyamara, da mai kula da sauti, da mai kwalliya, da darakta da mutanensa a ɗakin sarrafa hoto. Ɗakin ba shi da taga saboda hayaniyar waje, iskar na'urar sanyi ce ke ta zagayawa a ciki. Ɗan makirfon da aka maƙala wa baƙon ƙarfe bakwai a wuyan riga, shi za a cire a maƙala wa na ƙarfe takwas. Cutar da ke bin numfashi ba ta neman wurin da ya fi wannan.

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da korona ta shigo Najeriya ta Legas. Ranar 11 ga Afrilu aka samu mutum na farko a Kano, ranar 16 ga wata Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa dokar kulle, ranar 27 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara wa jihar mako biyu. 'Yan jarida suna cikin waɗanda aka yarje wa fita, amma baƙin da suke gayyata ba su da wannan izini, kuma ko suna da shi, wa yake son zama gwiwa da gwiwa da wanda bai san inda ya fito ba?

Tun a watan Maris manyan tashoshin duniya suka nuna hanya. A Amurka, Trevor Noah ya koma gabatar da shirinsa daga falon gidansa a New York, Jimmy Fallon kuma matarsa ce ta riƙa ɗaukarsa da waya, 'ya'yansa na kutsowa cikin hoto. Tashoshin Najeriya dai ba su bar sitidiyo gaba ɗaya ba, don wutar lantarki da intanet na gidajen ma'aikata ba abin dogaro ba ne. Sai suka rage hannu: ma'aikata na zuwa rukuni-rukuni, an raba kujeru da tazara, masu kyamara da takunkumi, ga man tsaftace hannu a bakin ƙofa. Kujerar baƙo ta koma allo. Mai ƙarfin intanet a haɗa shi ta Zoom ko Skype, marar shi a kira shi ta waya a ɗora hotonsa a gefe. Inda shiri ya gagara, a ciro tsoho a maimaita.

Wanda ya kalli irin waɗannan hirarraki zai tuna yadda mai gabatarwa da baƙo suke ta cin karo da juna a magana. Ba rashin ladabi ba ne. Sauti yana ɗan jinkiri kafin ya je ya dawo, sai mai tambaya ya zaci an gama ba shi amsa, ya jefa wata, alhali baƙon yanzu ya buɗe baki. Kuma tura hoto ya fi karɓarsa wahala a layukanmu, shi ya sa fuskar babban likita kan daskare a tsakiyar jimla, muryarsa na ci gaba ita kaɗai.

A ganina, gyaran da ya fi kowanne taɓa Bahaushe ba a shirin safe ya faru ba, a tafsirin azumi ne. Watan Ramadan ya kama ranar 24 ga Afrilu, ana tsakiyar kulle, kuma Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci a ƙarƙashin Sarkin Musulmi ta nemi a dakatar da tarukan tafsiri da tarawihi a masallatai. To, tafsiri ma ai zama ne na hira: ga malam, ga alaramma mai jan baƙi, ga jama'a suna amsawa, ga takardun tambayoyi ana miƙowa gaba. A wannan shekarar malamai da yawa sun zauna daga su sai alaramma sai mai ɗauka, ana watsawa ta rediyo da talabijin da Facebook, tambayoyi na shigowa ta saƙon waya. Malamin da ya saba duban fuskoki ya gane ko an fahimta, ya koma yi wa gilashin kyamara bayani. An rasa kabbarar jama'a da dariyarsu, amma matar da ba ta taɓa samun sukunin zuwa wurin tafsiri ba saboda girkin buɗa-baki, tambayarta ta isa gaban malam daidai da ta kowa.

Duk wannan labarin birni ne. Mu hau hanyar Dambatta ko ta Bichi, mu ratsa Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, gero da dawa da gyaɗa da wake, babu saura babu daji, ƙauye na hango ƙauye. Mutane a nan suna da yawa ƙwarai, amma talabijin ba ta kowane gida ba ce. Kallo na taro ne: a gidan kallo, ko teburin mai shayi, ko shagon mai cajin waya da ke da janareta ko sola. Abin da ke sayen man janaretan gidan kallo kuwa ƙwallon Turai ne, kuma an dakatar da ita tun tsakiyar Maris. Gasar Ingila ba ta dawo ba sai 17 ga Yuni. Ba ƙwallo, ba 'yan kallo, ga kuma hani a kan taruwa. Wato a lokacin da tashoshi ke ta faman gyara yadda za su fito a allo, allon da mutumin ƙauye ke gani ya riga ya mutu.

Hasara ta biyu ta fi wannan zafi. Da can, in ana shiri a kan noma, akan aika wakili da kyamara, ko a gayyato manomi ya hau mota ya zo Kano. Da kujerar baƙo ta koma intanet, sai ya zama sharaɗin shiga hira shi ne babbar waya, da data, da sabis mai ƙarfi. Nan take baƙi suka zama likitoci da kwamishinoni da malaman jami'a. Sun faɗi gaskiya daidai iliminsu, amma ga wanda ke jan ruwa a rijiya ko yake bin layin burtsatse, shawarar a wanke hannu a ƙarƙashin famfo tana bukatar ƙarin bayani. Shi tambayoyinsa daban ne. Damina na ƙaratowa, ta ina taki zai zo in an tare hanya? In kasuwar Dawanau ba ta ci yadda ta saba ba, wa zai sayi ragowar hatsin da zai sayar ya yi hidimar shuka? Ɗansa da ya dawo daga ci-rani a kudu, a ware shi ne, kuma a wane ɗaki? Yaya za a yi jana'iza da zaman makoki? Ba a cika jin waɗannan daga bakin masu su ba, sai dai wani ya ambace su a madadinsu.

Rediyo ce ta rufa asiri. Ita dama ba ta bukatar a ga fuska, batir biyu ko ƙaramar waya sun isa, kuma kiran waya kai tsaye tsohon aikinta ne. Gidan Rediyon Kano da Freedom da sauran tashoshin FM sun ci gaba da shiga zaure da gona. Ko darussan da aka riƙa watsa wa ɗalibai bayan rufe makarantu a ƙarshen Maris, ta rediyo suka fi isa karkara. Abin da ya tsira daga talabijin kuwa ta hannun masu turi ya bi: a yanko guntun hira, a tura a memori ko ta WhatsApp. Matsalar ita ce ta wannan hanyar ce jita-jita ma take bi, kuma muryar mai cewa cutar ƙarya ce ba ta da nauyin saukewa kamar hirar rabin awa da likita.

An ɗage kullen Kano a farkon Yulin 2020, baƙi suka koma kujerunsu. Abin da bai kamata a ajiye ba shi ne layin waya. Masu shirya hira, ku nemi lambobin manoma da ungozomomi da masu unguwanni a Dambatta da Bichi da Kunchi tun yanzu da ake zaman lafiya, ku riƙa kiransu a matsayin baƙi, ba masu gaisuwa ba. Ku shirya magana yadda wanda bai ga hoto ba zai fahimta, ku yanka ta gajeru yadda ƙaramar waya za ta ɗauka, sannan ku ba gidajen rediyo su maimaita.