Sa ido kan sababbin cututtuka ta hanyar al'umma da kafofin da ba na hukuma ba

Sa ido kan sababbin cututtuka ta hanyar al'umma da kafofin da ba na hukuma ba tsari ne na gano alamun annoba tun kafin asibitoci da ɗakunan gwaje-gwaje su tabbatar da ita. Tsarin da aka saba da shi ya dogara ne ga rahoton da asibitoci ke aika wa ma'aikatar lafiya, wanda kan ɗauki kwanaki ko makonni, kuma ba ya ƙirga wanda ya yi jinya a gida. Wannan tsari kuwa yana tattara labari ne daga jaridu, intanet, likitoci da mazauna gari.

Tarihi

An kafa ProMED a shekarar 1994 domin masana su riƙa tace rahotannin cututtuka suna yaɗawa. Kanada ta ƙaddamar da GPHIN a ƙarshen shekarun 1990, sannan HealthMap ya biyo baya a Amurka a 2006. Ta hanyar ProMED ne likitan ƙasar Masar mai aiki a Jidda, Ali Mohamed Zaki, ya sanar da ƙwayar cutar MERS a watan Satumba na 2012. A ƙarshen Disamba 2019 kuma tsarin ya ba da labarin ciwon huhu da ba a san sanadinsa ba a Wuhan ta ƙasar Sin, wanda daga baya aka kira COVID-19. Dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005, da suka fara aiki a 2007, sun ba Hukumar Lafiya ta Duniya damar duba rahotannin da ba daga gwamnati suka fito ba.

Rawar al'umma

Ana horar da 'yan sa-kai su gane alamu masu sauƙi, kamar mace-mace a gida ɗaya cikin 'yan kwanaki, zazzaɓi mai haɗe da zubar jini, ko mutuwar kaji da dabbobi da yawa, sai su sanar da jami'in lafiya ta waya. Saliyo ta yi amfani da wannan hanya lokacin annobar Ebola a 2015. A Najeriya, 'yan sa-kai na ƙauyuka sun taimaka wajen kawar da kurkunu, wanda aka tabbatar da ƙarewarsa a 2013, yayin da masu maganin gargajiya, maɗora da ungozomomi ke kai rahoton yaran da gaɓoɓinsu suka shanye farat ɗaya domin a binciki shan inna.

Ƙalubale

Da yawa daga cikin rahotannin jita-jita ne, don haka dole a tantance kowanne ta hanyar bincike da gwaji. Google Flu Trends, wanda ya fara a 2008, ya zuzuta yawan masu mura a Amurka a 2013, aka kuma dakatar da shi a 2015. Haka nan mutane kan ɓoye mara lafiya saboda tsoron killacewa, kuma idan an kai rahoto ba a ga ɗauki ba, 'yan sa-kai kan daina kaiwa.