Tsimin ruwa a gida: Darasi daga birnin Cape Town

A farkon shekarar 2018, mazauna birnin Cape Town na ƙasar Afirka ta Kudu, su kimanin miliyan 4, sun fuskanci barazanar rufe musu famfuna, bayan shekaru uku a jere ana fama da ƙarancin ruwan sama.

Hukumomi sun yi gargaɗin cewa da zarar ruwan madatsun da ke shayar da birnin ya ragu zuwa kashi 13.5 cikin ɗari, za a datse ruwan akasarin unguwanni, kowa ya koma bin layi domin karɓar lita 25 a rana.

To sai dai ba a kai ga hakan ba. An rage wa manoma kasonsu, an kuma sassauta ƙarfin ruwan da ke bin bututu, amma gidaje su ma sun taka muhimmiyar rawa. Ruwan da birnin ke amfani da shi ya sauko daga kimanin lita biliyan 1.2 a rana a 2015 zuwa kusan lita miliyan 500 a 2018.

Farashi hawa-hawa

Daga ranar 1 ga watan Fabrairun 2018 aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, wato jarka biyu masu cin lita 25, domin sha da girki da wanka da wanki.

An kuma tsauwala kuɗin ruwa bisa tsarin hawa-hawa: gwargwadon yawan ruwan da gida ya zuƙa a wata, gwargwadon tsadar kowace lita. Gidajen da suka yi kunnen ƙashi kuwa, an ɗaura musu na'urar da ke tsayar da ruwa da zarar sun cinye kasonsu na yini.

Hakan ya tilasta wa magidanta zama su yi lissafin inda ruwansu ke tafiya.

Ina ruwan ke zuwa?

A gidan da ke da famfo, abin da ake sha da wanda ake girki da shi ɗan kaɗan ne. Banɗaki da wanki su ne ke lashe mafi yawa.

Tsohon masai na zamani kan kwashe lita tara ko fiye a kora ɗaya, yayin da shawa kan zubar da kimanin lita goma a minti guda. Shi ya sa aka buƙaci mazauna birnin kada su wuce minti biyu a wanka, su kuma tara ruwan wankan a bokiti domin kora masai.

Akwai kuma yoyo, wanda ba kasafai ake lura da shi ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa na asarar fiye da lita 11,000 a shekara, alhali sau da yawa canza 'yar robar da ke cikinsa ya wadatar.

Mai mita na iya gano ɓoyayyen yoyo cikin sauƙi: ya rufe dukkan famfuna, ya rubuta lambar da ke kan mitar, ya sake dubawa bayan sa'o'i biyu. Idan lambar ta motsa, to akwai inda ruwa ke zurarewa.

Inda babu mita

A birane irin su Kano da Damagaram, inda gidaje da dama suka dogara ga 'yan garuwa ko rijiyar burtsatse, lissafin ya fi fitowa fili. Duk jarkar da aka rage kuɗi ne ya tsaya a aljihu, kuma tankin da aka bari yana ambaliya, man janareta ne ko kuɗin lantarki ke malala a ƙasa.

Ko a alwala akwai bambanci tsakanin mai amfani da buta da wanda ya saki famfo yana kwarara har ya kammala. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi alwala da mudu guda, ma'aunin da bai kai lita ɗaya ba.

Sai dai tsimi na da iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya na ganin mutum na buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana domin biyan muhimman buƙatunsa, don haka bai kamata a rage ruwan sha ko na wanke hannu ba. Shi ma ruwan wanka ko na wanki da aka tara, ba a barinsa ya wuce yini guda, domin ƙwayoyin cuta na saurin hayayyafa a cikinsa.

A shekarar 2020 madatsun ruwan Cape Town sun sake cika, bayan da ruwan sama ya wadata.