Hawan Jinin Da Ke Farowa Daga Wuya

Duk manomin rani a Kura ko Bunkure ya san halin ruwa. Ruwan Tiga na biyo kanal, a ɗaga masa ƙofa ya malala gonakin shinkafa da tumatir. Mai injin ban-ruwa kuma ya san in ya matse bakin tiyo da babban yatsa, ruwan zai fita da ƙarfi. To, haka jini yake a jijiya, kuma shi ma yana da masu gadin ƙofa.

Na farko shi ne renin, sinadarin da ƙoda ke fitarwa. Shi ke yanka wani furotin da hanta ke sarrafawa. Sai na biyu, ACE, wanda ya fi yawa a huhu, ya ƙarasa aikin, a samu sinadarin da ke tsuke jijiyoyi, ya sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Magungunan hawan jini irin su lisinopril wannan ACE ɗin suke ɗaurewa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, masu gadin nan suna jin maganar wata 'yar tsoka da ke gaban wuya, tayiroid, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. In aikinta ya yi yawa, renin da ACE sukan ƙaru, zuciya ta dinga bugawa kamar ganga, lambar sama ta awon jini ta hau. Sai ka ga mace tana ci tana ramewa, tana gumi ko a sanyin hunturu, hannu na rawa, a ce tunani ne ya yi mata yawa. In kuma aikinta ya yi ƙasa, renin ya ragu, amma jijiyoyi su ƙage, lambar ƙasa ce ke hawa. Mai wannan yakan yi ƙiba, ga kasala, ga jin sanyi, a gona a ce ya zama rago.

Mata sun fi kamuwa da ciwon tayiroid. Ƙarancin aidin na daga cikin manyan dalilan maƙoƙo, shi ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta sa shi a gishiri.

Saboda haka, in awonka ya kai 140 bisa 90, kana shan magani bai sauka ba, kada ka tsaya sauya ƙwaya a kyamis. Ka je asibiti likita ya taɓa wuyanka, a yi gwajin jini na TSH, mai nuna yadda tayiroid ke aiki, kamar yadda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sau da yawa in aka daidaita tayiroid, jinin ma yakan sauka. Ɗan'uwa, in ruwa ya yi ɓarna a gona, ƙofar kanal ake fara dubawa.