Katun Ɗin Ƙannenmu: Wa Ke Dariya, Wa Ke Haƙuri?



A wannan makon za mu yi magana a kan abin da da yawa daga cikinmu muke kallo ba don mu muka zaɓa ba. Duk mai ƙane ko ƙanwa 'yar shekara uku ko huɗu ya san zancen. Ka dawo daga makaranta, ka ci abinci, kafin lokacin Islamiyya sai Umma ta miƙo maka waya ta ce, "Ungo, kunna wa Auta katun ɗin nan ya bar ni in gama wanke-wanke." Kai ne mai riƙe waya, kai ne mai maimaitawa idan ya ƙare, kai ne kuma za a yi wa faɗa idan caji ya mutu. Saboda haka mu yayye mun fi kowa sanin katun ɗin ƙananan yara, kuma muna ganin muna da ta cewa a kai. Tambayarmu ita ce: wane katun ne yake faranta wa yaro rai ba tare da ya ƙona ran babba ba?

Da farko, mene ne katun? Zane ne da ake jerawa da yawa, kowane ya ɗan bambanta da na gabansa, a riƙa nuna su da sauri har ido ya ɗauka motsi suke yi. Fim ɗin sinima yana nuna hoto 24 a cikin daƙiƙa ɗaya. Masu zanen hannu sukan nuna kowane zane sau biyu, sai ya zama zane 12 a daƙiƙa. Mun zauna mun lissafa: minti ɗaya zane 720 ke nan, katun na minti bakwai kuwa zane 5,040. Wanda bai yarda ba ya gwada a kusurwar tsohon littafinsa. Ya zana ɗan mutum a kowane shafi, yana ɗaga masa hannu kaɗan-kaɗan, sannan ya saki shafukan da babban yatsa. Amma mun ce tsohon littafi, kada wani ya ɓata na lissafi ya ce mu muka sa shi. Yanzu yawancin katun da kwamfuta ake yin su, sai dai dabarar ba ta sake ba.

Son zane kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa nan Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin dutse da mutanen dā suka yi, har masu bincike suna zuwa daga nesa don su gani. Bambancin kawai nasu ba ya motsi.

Katun yana shigowa gidajenmu ta hanya uku. Akwai masu dish ko dikoda, su ne masu kallo a talabijin idan akwai wuta. Akwai masu kallo a YouTube, wanda yake shanye data kamar rairayi ya samu ruwa. Hanya ta uku ita ce ta mafi yawanmu: ka kai mamori wurin masu tura fina-finai a bakin kasuwa ko tasha, a cika maka, ko maƙwabciya ta tura wa Umma ta Xender. Matsalar wannan hanyar ita ce ba kai kake zaɓa ba. Abin da mai shago yake da shi shi zai zuba, wani da Turanci, wani da Indiyanci, wani ma da yaren da ba wanda ya san shi a unguwar. Akan samu kuma abin da ba na yara ba ne ya shiga ciki don kawai zane ne. Wannan ya sa ya kamata babba ya fara dubawa kafin a miƙa wa yaro.

To, me ya sa ƙananan yara ba sa gajiya da abu ɗaya? Wannan shi ne babban abin da ke raba su da manya. Babba yana son labarin da bai san ƙarshensa ba. Yaro ɗan shekara uku kuwa daɗinsa shi ne ya san abin da zai faru, ya riga shi faɗa, sannan ya ga ya faru. Autan gidanmu yakan fara dariya tun kafin kyanwa ta faɗi, saboda ya san za ta faɗi. Idan ta faɗi sai ya juyo ya dube mu kamar shi ya kayar da ita. Masu shirya waɗannan abubuwa sun san haka. A Amurka akwai wani shirin yara mai suna Blue's Clues da aka fara a 1996, wanda tashar take maimaita kashi ɗaya kwana biyar a jere da gangan. Mai gabatarwa kuma yakan yi tambaya ya yi shiru, don yaron da ke gida ya ba da amsa. Ashe maimaicin da ke sa mu hamma shi ne karatun yaron.

Yanzu bari mu ɗauke su kamar yadda muka gan su.

Tom and Jerry shi ne sarki, ko ana so ko ba a so. William Hanna da Joseph Barbera ne suka ƙirƙiro shi a Amurka a 1940, wato ya girmi 'yancin Nijeriya da shekara 20, ya girmi Jihar Jigawa da shekara 51. Asalinsa ba don 'yan yaye aka yi shi ba, a sinima ake nuna shi ga manya da yara gaba ɗaya, har ya ci lambar Oscar sau bakwai. Shi ya sa za ka ga Baba ya shigo zai ɗauki hularsa, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo yana cewa, "Kai, wannan ɓera da shaiɗan yake." Sirrinsa shi ne kusan babu magana a ciki. Ba sai ka ji Turanci ba, kuma duk wanda ya taɓa ajiye buhun gero a ɗaki ya san abin da ke tsakanin kyanwa da ɓera. Aibinsa ɗaya ne, amma babba ne: duka. Ana maƙe Tom da guduma ya baje, nan take ya tashi garau. Ɗan shekara uku bai san cewa mutum ba ya tashi haka ba. Mun ga wanda ya ɗauki muciya ya nufi kan yayarsa yana dariya.

Na biyu su ne na waƙe-waƙe, irin Cocomelon na Amurka. A nan yaro da babba suka fi rabuwa. Kala mai haske, jarirai masu manyan idanu, waƙa gajera mai dawowa wuri ɗaya. Yaro ko kuka yake yi sai ya yi tsit. Babba kuwa ba shi da rabo a ciki ko kaɗan: ba labari, ba abin dariya, sai amon da zai bi ka har cikin aji, malami yana bayanin kimiyya kai kuwa waƙar wanka tana yawo a kanka. Wasu iyaye suna jin daɗi idan ɗansu ya kama ƙirga da Turanci. Mu ma mun yi murna da Auta ya kai goma. Amma da muka zuba masa dabino uku muka ce nawa ne, sai ya rero ƙirgar tun daga farko har goma. Waƙar ya haddace, ƙirgar da saura.

Masha and the Bear na ƙasar Rasha ne, an fara shi a 2009. Wata 'yar yarinya ce mai ɗankwali da take hana wani babban dabba sakat a cikin daji. Kashi ɗaya nasa, wanda ta dafa abinci ya cika gida, an kalle shi a YouTube fiye da sau biliyan 4. Iyaye mata suna dariya da shi sosai, amma mun lura ba Masha suke tausayi ba. Dabban suke tausayi, domin su ne shi. Ƙorafin da muka fi ji a kansa shi ne yarinyar ba ta jin magana kuma ba kasafai ake tsawata mata ba. Shi kuwa Peppa Pig na Ingila, wanda aka fara a 2004, a gidaje da yawa bai ma samu shiga ba. Da an ga ko wace dabba ce sai a ce a canza.

Inda muke so mu daɗe shi ne waɗanda ke magana da Hausa, domin a nan muka ga wani abu dabam.

Akili and Me shiri ne na kamfanin Ubongo da ke ƙasar Tanzaniya, an fassara shi zuwa Hausa, kuma tashar Arewa24 ta nuna shi. Akili yarinya ce 'yar shekara huɗu, baƙa kamar ƙannenmu, tana zaune a gindin Dutsen Kilimanjaro. Idan ta yi barci sai ta shiga wata duniya inda take da abokai dabbobi, akwai ɗan zaki, akwai dorina. Tare suke koyon haruffa da lambobi da zane da kalmomin Turanci kaɗan-kaɗan. Ba shi da gudu, ba shi da duka. Gaskiya mu 'yan aji biyu yakan yi mana sanyi da yawa, kuma Baba ba ya tsayawa a bakin ƙofa dominsa. Amma abin da muka gani shi ne Umma tana iya shiga ciki ko tana tankaɗe. Idan aka yi tambaya a talabijin Auta ya yi shiru, sai ta ce, "Ba ka ji ana tambayarka ba? Guda nawa ne?" Da Cocomelon ba ta taɓa yin haka ba, saboda ba ta san abin da ake cewa ba. Yaro ne shi kaɗai da waya. Da na Hausa kuwa mutum uku ne a wurin.

Akwai kuma Dandalin Sesame, ko da yake shi yawancinsa 'yan tsana ne ake motsawa da hannu. Tushensa Sesame Street ne na Amurka da aka fara a 1969, kuma masu shirya shi tun farko sun riƙa saka barkwancin da manya za su gane, don uwa ta zauna tare da ɗanta. Na Nijeriya mai suna Sesame Square ya fara a NTA a 2011, da Kami da Zobi, wani shuɗin ƙato mai tsananin son doya. Sannan ga Bino and Fino, wanda Adamu Waziri ya ƙirƙiro a Abuja, labarin wani yaro da 'yar uwarsa 'yan Nijeriya. Abin da ya ba mu haushi shi ne irin waɗannan na gida sun fi wuyar samu a mamori fiye da na ƙasar Rasha.

Akwai wata magana da ba za mu ɓoye ba. Sau da yawa idan iyaye suka ce katun yana da kyau, ba kallonsa suke nufi ba. Suna nufin ya ba su sararin yin aiki. Ba ma ganin laifinsu, domin wanda bai taɓa dama kunu da yaro rataye a zaninsa ba ba zai gane ba. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, idan ya gaza haka ma ya fi. Awa ɗaya Tom and Jerry takwas ne kawai. Kowa ya tuna nawa ƙanensa ya kalla ranar Asabar ɗin da ta wuce. Mu dai mun ji kunya da muka ƙirga namu. Kuma kowa ya san kukan da ake yi idan an karɓe waya yakan fi wanda aka ba da wayar dominsa.

Idan aka ce mu yanke hukunci, ga namu. Wajen haɗa yaro da babba a dariya ɗaya, ba wanda ya kamo Tom and Jerry, amma sai da babba a kusa mai cewa "wannan wasa ne, ba a yi wa mutum." Wajen amfani, na Hausa ne gaba, ko da dariyarsu ba ta kai ba. Na waƙa kuwa maganin kuka ne kawai. Wanda bai yarda ba ya rubuto ya ba shugaban kulob, za mu liƙa a nan mako mai zuwa.

A hutun da ya wuce mun je wurin kakarmu a wani ƙauye a ƙasar Gwaram. Kwana biyu waya ba caji, mai cajin ma sai an yi tafiya. Daren farko Auta ya yi kuka har ya gaji. Dare na biyu Kaka ta ja shi kan tabarma ta ce, "Zo nan maigidana, in ba ka labarin wani maƙaryaci." Ta kama tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, tana maƙale murya tana yin tsamin bakin Gizo. Mu da muka ce mun girma muka matso, matan gidan ma suka bar hira suka juyo. Da ta kai ƙarshe Auta ya ce ta sake. Ta sake. Ya ce ta kuma. A karo na huɗu Kaka ta ce ita ba waya ba ce, a kai shi ya kwanta.